Lambar Yabon Farfesa Fong

Unguwar Sinawa, 3 ga Maris

Ƙanena Shiu-keung,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya gwiwar taka?

Na ga hotonka a jarida, an rubuta Farfesa Fong a ƙarƙashinsa. Wai ƙungiyar manyan gari za ta ba ka lambar yabo kan bincikenka na haske da hidimar da kake wa unguwa. Na yi murna, amma raina bai kwanta ba. Shekara talatin kana wannan aiki, ba wanda ya ce maka sannu. Lokacin da aka zarge ka da sayar da asirin Amurka, mutanen nan tsallaka titi suke yi in sun hango ka. Yau me ya sauya?

Yayarka,
Yuk-ying

7 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Gwiwa da sauƙi.

Ke dai ba kya yarda da kowa, ko mai kifi sai kin sa ya sake awo. Kotu ta wanke ni tuntuni. Ina so yaran unguwarmu su ga mai irin fuskarsu ana karrama shi. Abu ɗaya suka roƙa, in shiga sabon kwamitin gyaran unguwa, na kuma amsa. Bikin ran sha biyar ne. Ki zo.

Ƙaninki,
Shiu-keung

10 ga Maris

Shiu-keung,

Ina gaisuwa. Jiya a gidan shayi matar Louie mai wanki ta ja ni gefe. Kwamitin naka shi zai sa hannu a rushe benen tsofaffi, inda Mama ta ƙare rayuwarta. Mutum sittin ne a ciki. Sai kwana biyu bayan bikin kwamitin zai zauna kan maganar, kana ciki, don a ce ɗan unguwa ne ya amince.

Ba ka sani ba ne, ko ka sani ka yi shiru? 

Ka huta lafiya,
Yuk-ying

12 ga Maris

Yaya,

Barka da war haka. Tambayarki ta yi mini zafi, amma na je ofishinsu. Sai da na nemi takardun rushe benen sau uku kafin su fito da su. Sunana yana can ƙasan shafin, an riga an buga "ya amince".

Zan je bikin. Sun ba ni minti biyar in yi godiya, ni kuwa maganar benen zan yi. Ki zo da tsofaffin duka, ku zauna a layin gaba.

Ƙaninki,
Shiu-keung