Golan da Aka Adana Don Fenareti

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Duk wanda na tara da maganar nan sai ya yi dariya ya ce a kan ƙwallo? To ƙwallon ita ce sana'ar mijina, kuma ita ce take neman cinye min shi ina ji ina gani.

Mijina gola ne. Kulob ɗinsu ba wani babba ba ne, amma ranar wasa filin cika yake yi maƙil. Lokacin da muka yi aure shi ke tsaron raga kowane mako. Yakan dawo da gwiwa a kumbure, ni ce mai gasa masa da ruwan zafi, ina yi ina mita, shi yana dariya. Wallahi da na san kwanakin jin daɗinmu ke nan da ban yi mitar ba.

Abin ya faro ne a gasar kofi. Aka tashi canjaras, aka je bugun fenareti, ya kaɗe biyu. Shekarar da ta biyo baya ya sake kaɗe biyu, magoya baya suka ɗauke shi a kafaɗa har bakin mota. Daga ranar aka laƙaba masa Ƙanƙara, wai zafin wasa ba ya taɓa shi, sai an shiga tsaka mai wuya yake farkawa. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san Ƙanƙarar nan ko shayi ba ya iya haɗiyewa safiyar babban wasa, sai zaryar banɗaki. Amma ban tona masa asiri ba, wace mace ce za ta ƙi a yabi mijinta?

Sai kulob ya kawo sabon gola, wani dogon matashi. Koci ya kira mijina ofis ya ce ba ajiye shi aka yi ba, adana shi ake yi. Sabon zai riƙa tsare wasannin yau da kullum, shi kuma sai ranar babban wasa, in ana dab da zuwa fenareti, a sako shi. Ya dawo gida baki har kunne, wai shi ne makamin ɓoye. Na ce masa wuƙar da ke kwance a kube kullum tsatsa take yi. Ya ce ni me na sani a ƙwallo, in tsaya a kan keken ɗinkina.

Kaka biyu ya yi a benci, Anti. Ina wanke riga babu datti. Takalmansa har yau kamar sababbi. In ya dawo na tambaye shi ya wasa, sai ya ce lafiya lau, ranarsa na nan tafe.

Ranar kuwa ta zo. Wasan ƙarshe ne, aka yi ƙarin lokaci babu ci, alƙalin wasa na shirin hura usur sai koci ya sako shi. Filin gaba ɗaya ya ɗauki kiran Ƙanƙara. Ina can cikin 'yan kallo da 'yarmu a kafaɗa. Biyar aka buga masa, biyar ɗin suka shiga, ko yatsa bai sa wa ɗaya ba. Ta ƙarshen ma a tsakiya aka gangaro ta a hankali, shi yana kwance a gefe yana kallonta ta wuce.

Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi. Tausayi ake ba shi, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Mai askinsa ya cire hotonsa daga jikin madubi. Koci ya ce baiwar ce ta bar shi, kuma ba sa buƙatarsa kaka mai zuwa. Surukata ta ce baki ne ya kama shi. Yayansa, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce dama can sa'a ce, yanzu ta ƙare.

Tun daga nan mijina ya zama wani mutum. Yana zaune a ƙasan falo, labule a sake, yana maimaita bidiyon bugun nan biyar a waya har na haddace muryar mai sharhin. Abinci sai na yi da gaske yake kai loma biyu. Rannan ina cikin ɗinki ya ce min, "In baiwa ce, ta tafi. In kuma ba baiwa ba ce, to ni wane ne duk shekarun nan?" Na tsayar da keken ɗinkin.

Akwai tsohon abokin wasansa da yanzu yake koci a wani ƙaramin kulob, filin ƙasa ne ko katanga babu. Ya yi ta kira yana cewa ya zo ya tsare musu raga kowane mako kafin a rufe rajistar 'yan wasa. Mijina ya daina ɗaga wayar, wai Ƙanƙara ba zai je ya zama abin nuni ba. Shekarunsa talatin da uku, in wannan damar ta wuce wata ba za ta zo ba. Safar hannunsa, wadda ko ni ba ya bari in taɓa sai ranar wanki, ya miƙa wa 'yarmu. Jiya na tarar ta kwantar da 'yartsanarta a ciki, shi kuma yana kallo bai hana ta ba. Na shiga kicin na yi kuka har na gode Allah.

Ki gaya min gaskiya, Anti. Akwai mutanen da aka halitta don babbar rana, kuma abin yana barin mutum? Ko yayansa ne mai gaskiya? Duk wadda na faɗa masa a cikin biyun gani nake ƙarasa shi za ta yi.

Matar Gola

*

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki, kuma ni ban yi dariya ba.

Masu bin wasanni sun daɗe suna wannan gardamar. Ni abin da na yarda da shi shi ne, akwai waɗanda tsoro ba ya ƙwace musu abin da suka iya. Suna jin tsoron kamar kowa, amma hannu yana yin aikin da ya saba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mijinki yana da shi. Amma a ce mutum yana fin kansa iyawa don kawai rana ta yi girma, wannan kam ina shakka. Mu 'yan kallo ne muke riƙe ranar da aka kaɗe, mu manta ranakun da ta shiga. Fenareti kuwa dama mai bugawa ta fi ba gaskiya, gola duk iyawarsa yawancinsu wuce shi suke yi.

Saboda haka koci bai yi daidai ba, yayansa ma bai yi ba. Lokacin da mijinki ya kaɗe waɗancan, mutum ne mai wasa kowane mako, kuma tun farkon wasan yana cikin fili, jikinsa da ɗumi, ya karanci masu bugawar. A wasan ƙarshe kuwa daga benci aka ɗauko shi a sanyaye bayan kaka biyu. Ba na ce koci mugu ba ne, sunan ne ya ruɗe shi. Mijinki ma ya karɓi tsarin hannu bibbiyu, don "an adana ni" ya fi "an ajiye ni" daɗin faɗa. Kin hango haka tun farko, amma kada ki kuskura ki ce masa ai na gaya maka.

Ba zan ɓoye miki ba, da wuya babban filin nan ya sake kiran sunansa. Rashi ne, ki bar shi ya yi jimaminsa. Amma in rashin cin abinci da zaman ɗakin suka ci gaba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa ya raka shi wurin likita. Ki kira abokin nan da kanki, ki ce ya daina waya ya zo gida, kuma kada ya ambaci rajista, atisaye kawai zai roƙe shi ya zo ya taya su. A cikin gida a daina ce masa Ƙanƙara, ki koma sunan da kike kiransa kafin a san shi. Safar kuma ki lallaɓa 'yarki ki karɓa, ki wanke, ki shanya inda zai gani, kada ki ce komai.

Zai iya ɗauka, zai iya ƙi, wannan ba a hannunki yake ba. Allah ya sassauta muku, ya sa ki koma dafa ruwan zafi kina gasa gwiwa kina mita.