Hoton gidanmu babu kowa ciki

Zuwa ga Yaya Isuhu, a makwancinka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, yau Juma'a ce, bazara ta kai maƙura a Dakoro, hadari na haɗuwa gabas yana watsewa. Jikin da sauƙi. Ƙafafun sun kumbura, tarin ma yana nan, amma na iya fitowa zaure da sanda. Maƙwabcina, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce zai sa takardar nan a wayar salula mutane su karanta. Na yarda, don ina son a samu shaidu.

Shamuwa sun sauka kan gawonmu kamar kowace shekara. Suna sauka kuma ɗanka Lawali ya zo, shi da ba na gani sai salla. Ya kawo sukari da ganyen shayi, ya durƙusa ya yi ta tambayar jikina, tambayar da ta wuce ta gaisuwa. Tare da shi akwai wani baƙo daga Yamai, mai jaka a baya da na'urar hoto mai dogon baki. Wai sana'arsa ɗaukar tsuntsaye da tsofaffin gine-gine, wai littafi yake haɗawa.

Ka san yadda muka san hoto. Ranar da za a ɗauke mu a Maraɗi, kai ka ara mini hula, ka ce in daina murmushi kada in fito kamar marar gida. Don haka na shiga ɗaki na sa babbar rigata, na fito na tsaya bakin zaure, ƙarƙashin zanen nan da magini ya yi wa Baba. Baƙon ya dube ni da ladabi ya ce, "Baba, ɗan gusa kaɗan."

Na gusa, Yaya. A ƙofar gidan da aka yanke mini cibi.

Tsuntsayen ya fara ɗauka, ban musa ba. Ya daɗe a tsugune yana jiran uwar ta buɗe fiffike. Amma daga nan ya juya ga bango. Ya ɗauki ƙofa, ya ɗauki indararo, ya ɗauki tsagar da ke kusurwar rumbu, ya fita ya ɗauki katangar tun daga farkonta har inda ta haɗu da magaza, wato ɗakin ajiyar Alhaji mai hatsi. Me shamuwa ta haɗa da katanga? Lawali kuwa yana biye da shi, hannu a baya, yana takawa a hankali kamar mai awo.

Ya bar mini wani littafin hotuna, ya ce in duba kafin ya dawo. Na sa tabarau na bi shi shafi-shafi, Faransancin da aka ɗura mini da bulala bai gudu duka ba. Ba zan ɓoye maka ba, yana da kyau. Akwai wani tsuntsu da ke ɗinka ganye ya yi sheƙa, akwai ƙofofin itace na wata ƙasa, akwai zanen ƙwarya irin wanda Inna ke yi da wuƙa mai zafi. Amma gidajen da ke ciki duk babu mutum ko ɗaya. Babu tabarma, babu buta, babu akuya. Na yi ta neman inda aka faɗi ina masu su suka tafi, ban samu ba. A sanina, gidan da aka ɗauka babu mai shi, gidan da ake nuna wa mai saye ne.

Malamin lakwal ya yi mini dariya, ya ce haka masu wannan aiki suke, bango ya fi mutum daraja a idonsu. Mai yiwuwa. To, me ya sa Alhaji, wanda ke wuce ni da ɗaga hannu, ya tsaya shekaranjiya ya cire takalmi ya gaishe ni, idonsa na kan gawon?

Na san Lawali na da rabonka a gidan nan, kuma iyali sun yi masa yawa. Ban ce ya yi haram ba. Da ya zauna ya faɗa mini baki da baki, da na ce ya ɗan jira, abin da ya rage mini ba shi da yawa. Ban kuma tambaye shi ba, don ina tsoron amsar.

Ka tuna ranar da ka ɗora ni a wuya in leƙa sheƙa? Baba ya fito ya zane ka kai kaɗai, ya ce baƙuwar da ta zaɓi gidanka ba a leƙa mata ɗaki. Ba ka taɓa cewa ni na matsa maka ba. Haka ranar da aka kama ni zuwa lakwal, ka bi mu a ƙafa har bakin ƙofa da ƙullin gujiya. Kai ne kullum ke shiga tsakanina da abin da ke zuwa. Yanzu zauren ya yi mini faɗi, Yaya. Da asuba idan tsuntsayen suka fara motsi, sai in juya in ce maka ruwa ya kusa.

Baƙon ya yi alkawarin zuwa yau bayan masallaci, da hotunan a kan takarda. Zan dube shi cikin ido in tambaye shi wa ya fara ganinsu.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da Baba da Inna. Allah Ya shirya Lawali, in kuma ni na zalunce shi da zato, Allah Ya yafe mini. Ya sa daga ɗakin nan za a ɗauke ni.

Ƙaninka,
Mamman

Bayan magariba: baƙon bai zo ba. Lawali ne ya aiko, wai da safe mota za ta zo ta kai ni Maraɗi ganin likita, in kwana biyu can in huta. Na ce a gaya masa na warke.