Ɓawon Itacen Mama

Zariya

Ƙanena Manasseh,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Tunda an yanke layin waya a wajenku, ga takarda ta hannun Maliki direba. Ɓawon itacen da Mama ke jiƙa mana lokacin zazzaɓi ya iso. Na tace shi, na saka a na'urarmu ta jami'a. Ita tana ratsa sinadari da ƙarfin maganaɗisu, sai ta zana layuka masu tsini, daga tsinin nan nake karanta yadda aka gina shi. Manasseh, ban taɓa ganin irin wannan zane daga sinadarin itace ba. Har rawa na taka a gaban ɗalibai. In ya tabbata, sunan Mama zan ba shi.

Yayarka, Rosaline

Zariya

Manasseh,

Ina gaisuwa, a taƙaice. Na gano abin da na yi wa rawa: maganin ƙwarin wake ne. Na tara manyan malamai, na ce su zo su ga abin mamaki daga dajinmu, ashe a kowace kasuwa ana sayar da shi a leda. Me ka zuba wa ɓawona? Abin da ya hana ni zuwa in ja kunnenka shi ne, a ƙarƙashin wannan ƙazanta akwai wasu ƙananan tsini da na duba duk littattafai ban same su ba. Na itacen ne da gaske. Ina son sabon ɓawo, tsabtatacce, maza.

Rosaline

Damari

Yaya Rosaline,

Barka da aiki, Ladi da yara suna gaishe ki. Ni na barbaɗa hodar. Duk abin da muke so ya kai wata bai lalace ba, haka muke masa, kuma ban ga abin da ya fi saƙonki daraja ba. Ki yi haƙuri. Wancan ɓawon ragowar wanda Mama ta ajiye ne. Shi kuwa itacen yana bakin rafi, bayan tsohuwar gonarmu, inda ba mai zuwa tun da masu bindiga suka zauna a dajin. Amma tunda sunan Mama ne, bayan sujada ran Lahadi zan shiga.

Ƙanenki, Manasseh

Zariya

Manasseh,

Kada ka je. Ka ji ni? Da na san inda itacen yake da na haɗiye harshena. Tsinin nan za su jira shekara goma, takarda ba ta ruɓewa. Mama ta bar mini ƙane ɗaya, ba zan musanya shi da zane ba. Na ce wa Maliki ko taya ta fashe ya ƙarasa da ƙafa. Ladi, in ke kika buɗe wannan, ki ɓoye masa adda da takalmi.

Yayarka

Damari

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta same ni ina wanke ƙafa, na riga na dawo. Ɓawon yana hannun Maliki. Ban zuba masa komai ba. In kin ga ƙwari a ciki, su ma ki saka su a na'urar.

Manasseh