Ko a Yi Walda, Ko Na Hau Baya

Habana, kusa da Mackay,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Reno,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Leanne da yara, ya kuma tsare ka a wannan wurin haƙar ƙarfe da ka je ka maƙale a can ƙarshen ƙasa. Mu nan sai godiya. An fara yankan rake, ƙanwarka Tessie ta warware daga murar da ta yi, zomayen babanka sun sake haihuwa. Hawan jinina yana nan yadda ka bar shi, sai abin da ka ƙara masa. Beryl matar Des abokin babanka ce take rubuta min a kan teburin kicin, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara min baki. Ka san ban yi makaranta ba, amma rashin karatu ai ba rashin hankali ba ne. Da gangan na ƙi kiran ka a waya, don a waya dariya kake yi ka ce Mama ki kwantar da hankalinki, ga babanka tsaye a kaina yana kasa kunne. Takarda kam ba ka isa ka katse ta ba.

Maganar babur ɗin nan na babanka ce. Kai ba ka nan ranar da ya faɗi a gidan mai, labari kawai ka ji, shi ma a bakinsa, kuma ya rage maka rabi. Ba gudu yake ba fa, a tsaye yake, gwiwar hagu ta ƙi ɗaukarsa, wannan ƙaton abu mai nauyin saniya ya kwanta a kansa. Sai da maza biyu suka ɗaga shi. Ni na yi wata guda ina yi masa gashi da ruwan zafi, ni na ji nishinsa. Likita ya faɗa masa a gabana cewa shi da babur mai ƙafa biyu sun yi sallama. Shekara saba'in da bakwai, Reno. Na so a sayar da abin kowa ya huta, amma da na ga ya daina cin abinci, yana zuwa rumfa ya zauna yana kallonsa kamar mai zaman makoki, sai na sassauta. Muka je wurin Col bakanike, ya ce hanya biyu ce. Ko dai ya cire tayar baya gaba ɗaya ya kafa manya guda biyu, abin ya zama mai ƙafa uku har abada, ko kuma a sayi wani ƙarfe mai ƙananan tayoyi biyu da ake maƙalawa gefe da gefe da kusoshi, wanda mutum zai iya cire shi cikin minti goma. Wallahi babanka ya kusa yarda da na farkon. Har ya tambayi Col ko zai samu fenti ja irin na jikin babur ɗin.

Sai ga wayarka. Kai mai ilimi, ka duba a kwamfuta, ka ce masa kada ya bari a yanka masa babur, ya sayi na cirewa, in gwiwa ta warke sai ya kwance abinsa. Wace gwiwa? A ina ka taɓa ganin gwiwar ɗan shekara saba'in da bakwai ta koma sabuwa? Tun ranar ba a sake jin maganar fenti ja ba. Abu kaɗan sai ya ce Reno ya ce, kamar Fada ne ya faɗa a coci. Ni da na haife ka kuma an mai da ni tsohuwa mai surutu.

To bari ka ji abin da kwamfutarka ba ta faɗa maka ba. Des yana da irin wannan na cirewa, shekara biyu ke nan, tun da aka yi masa aiki a ƙugu. Beryl ta sakankance, duk Asabar tana ɗaga masa hannu yana fita da tayoyinsa huɗu, su da sauran tsofaffin nan masu rigunan fata da ke hawa dutsen Eungella shan shayi. Makon jiya ranar Asabar ta je Finch Hatton, garin da ke gindin dutsen, kai wa 'yar'uwarta kaya, ta zagaya bayan wani shago neman wurin ajiye mota, sai me za ta gani? Ƙarfen Des jingine da bango da tayoyinsa biyu, an lulluɓe shi da buhu, kusa da shi ga wasu guda biyu irinsa. Ashe abin da suke yi ke nan. Su fita daga gida kamar mutanen kirki, su isa gindin dutse su fito da sifana, su kwance, su hau kwana-kwanar dutsen nan a ƙafa biyu, in sun sauko su mayar su dawo gida suna yi mana murmushi. Da ta tsare Des, ko kunya bai ji ba, wai ai babur in ba ya kwanciya a kwana, keken asibiti ne. Beryl ta ce in gaya maka yau kwana uku Des yana cin burodi da wake na gwangwani, kuma bai ga komai ba tukuna.

Na tambayi babanka ko ya san da wannan. Ya ce shi bai san komai ba, yana faɗa yana sosa bayan kunne, kai kuma ka san ma'anar wannan susar. Na ce masa tsohon banza, shekara hamsin da uku ina wanke maka kaya, yau ne za ka yi min ƙarya? Sai ya ce ai shi ko ya saya ba zai cire ba. To in ba za ka cire ba, me ya sa sai na cirewa? Sai ya ce in bar shi ya je ya ba zomaye ruwa. Ba a ba kura ajiyar nama, ɗana. Hali kuma zanen dutse ne.

Ba shi ke nan ba. Ranar Lahadi bayan coci Des ya kawo nasa don babanka ya gwada a hanyar gefen gona. Col ya riga ya gargaɗe shi cewa mai tayoyin gefe ba ya kwanciya, da hannu ake juya shi kamar tarakta, kuma tsofaffin mahaya su suka fi shan wuya, don jikinsu ya saba da wani abu daban. Babanka ya ce shi za a koya wa tuƙi? Ya hau, ya isa kwanar wajen famfo, ya kwantar da jikinsa yadda ya saba tun yana saurayi, babur ya ƙi bin sa ya miƙe sak cikin magudanar ruwa. Ina tsaye a baranda na ga hular kwanonsa ta ɓace a cikin rake. Ya fito da taɓo har wuya, shi da Des suna ta ƙyaƙyata dariya. Yanzu ka yi tunani, kai mai ilimi. Mutumin da zai tuƙa da hannu da safe, ya koma kwanciya a kan dutse, ya sake komawa hannu da yamma, wata rana jikinsa zai manta wanne yake kai. A kan dutsen nan kuma babu rake da zai tare shi, rami ne kawai.

Ranar Juma'a mai zuwa zai je ya gaya wa Col wanda ya zaɓa. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ka kira shi ka ce ka sake dubawa, na dindindin ya fi, a ɗaure shi yadda sifana ba za ta yi aiki ba, in ma walda ce a yi. Ba na hana shi hawa dutse. Ya je ya sha shayinsa, ya dawo min da ƙafafunsa.

In kuma ka ƙi, to ka ji abin da na yi. Ka san rabona da hawa bayan babur tun ina da cikin Tessie, da muka zame a gadar Pioneer, tun ranar ko ƙararsa ba na son ji. Jiya na sa Tessie ta sauko min da tsohuwar hular kwanona daga saman kabad, na wanke ta, na ajiye ta a kan teburin cin abinci kusa da farantin babanka. Ya tambaye ni ta mece ce. Na ce in ya sayi na cirewa, duk Asabar ina bayansa, daga ƙofar gida har kan dutse, in ya so ya kwance tayoyin ina zaune a kai. Ya daɗe yana kallon hular, ya ajiye cokali, ya ce, "Guza, kin san ba zan ɗauke ki a ƙafa biyu da wannan gwiwar ba." Na ce masa ashe ya san halin da gwiwar take ciki. Bai ƙarasa miyarsa ba.

Ina jin tsoro, Reno. Amma zan hau. Saboda haka in za ka ɗauki waya, ka sani ba uba kaɗai kake zaɓar wa ba.

Ka gaishe min da Leanne, da Kayla da ƙaramin Wenzu mai sunan kakansa, Allah ya sa kada ya gaji kunnen ƙashinsa. Tessie da mijinta suna gaishe ka. Beryl ma tana gaishe ka, ta ce hannunta ya gaji. Hular tana nan a kan tebur, ba zan ɗauke ta ba sai na ji ka kira.

Ni ce mahaifiyarka,
Guza