Farcen Iya da Kalmar da ke Katin Asibiti

Malama Raihana, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a.

Mahaifiyata, Iya, ta faɗi a Buji tana korar akuya daga shanyar gero, ta karye a wuyan hannu. Ƙanenta, Kawu Yahuza, ya ce a kai ta wajen maɗori, ni kuma na dage sai asibiti a Dutse. Can aka sa wa hannun siminti.

Ni mutum ne mai rubuta komai a littafi tun ina sakandare. Na rubuta cewa sau shida nas ta zo ta matsa yatsun Iya, ta sa ta motsa su, sannan ta rubuta "neurovascular" a kati. Kunya ta hana ni tambaya. Ko wata cuta ce suke ɓoye mana? Da muka koma gida na gwada da kaina. Farcena in na matsa sai ya yi fari ya dawo ja, nata kuwa ko gezau. Sau goma sha ɗaya na gwada, har ta hana ni shiga ɗakinta. Ita dai tana cin tuwonta, tana faɗa da jikoki, kukanta ɗaya simintin ya rufe mata rabin lallen biki. Yanzu Kawu ya ce ranar Juma'a za a fasa simintin a tafi Miga wajen maɗorin. Ko shi ne da gaskiya tun farko?

Mai Littafi, Dutse

Mai Littafi, kwantar da hankalinka. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya: kalmar ba sunan cuta ba ce. Tana nufin abin da ya shafi jijiyoyin jini da jijiyoyin ji da motsi a haɗe. Nas tana duba ne ko ɗaurin ya matse su, kuma haka ake yi wa duk wanda aka sa wa siminti. Farcen da ya sha lalle kuwa, ko wuni ka yi kana matsawa, ba zai nuna maka komai ba.

Ga abin lura: in yatsun suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko ta daina jin su, ko ciwon ya riƙa ƙaruwa, a koma asibiti nan take.

Kawu ba mugunta yake nufi ba. Yayarsa ce, kuma shi da maɗori ya saba. Amma fasa siminti a gida na iya gocar da ƙashin da ya fara kamawa. Kada ka yi musu da shi. Roƙe shi ya raka ku asibiti ranar Alhamis, ka bar shi ya yi wa likita tambayoyin da bakinsa, kai ka yi shiru.

Allah ya ba Iya lafiya, ya ƙara muku zumunci.