Gayya a Masaƙar Ikeja

Ikeja, Legas
4 ga Mayu, 1994

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da su Hulda, da mutanen Fadan Kaje?

Saura kaɗan masaƙarmu ta rufe sashena saboda jinkirin aiki. Masu digiri suna ta rubuce-rubuce, ni ɗan sakandare na raba mutanena goma-goma kamar gayyar gona. Kowace safiya mu tsaya mu faɗi inda aiki ya maƙale, wanda ya gama nasa ya kama wa na kusa. Yanzu duk sassan masaƙar ni suke kwaikwayo!

Na bar zaman kujerar ofis, ina yini a tsaye tare da mutanena, ƙafafuna suna ɗan kumbura, amma ba komai. A aiko mini da citta.

Ka ce na guje wa garma, Baba. To, ga shi gayyarka ce ta riƙe mini aikina.

Ɗanka,
Azariya