Kada a Sake Ware wa Abdulƙahhar Kwano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Gana Modu, mai sayar da shadda a Kantin Kwari, mazaunin Fagge, na rubuta wannan da hannuna ranar Talata da hantsi, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Zuciyata ta kumbura, kuma likita ya faɗa mini gaskiya don na matsa masa. Amma kaina garau yake. Wanda duk ya ce ciwo ne ya sa Baba surutu, ya zo in tuna masa ɓarnarsa tun daga yaye. Zuwa gare ku 'ya'yana uku, Abdulƙahhar da Bahauddeen da Zulfa.

Na ɗaya. Gida da shago ba ni zan raba ba, Allah ya riga ya raba. Ku kira malamin da ya san gado, ku bi abin da ya ce. Roƙona kawai, kada a sayar da gidan nan muddin yayanku Abdulƙahhar yana buƙatar ɗakinsa.

Na biyu, kuma saboda shi na ɗauki biro. Kada a mayar da Abdulƙahhar gidan mari. Ko ya koma shan maganin tarin nan, ko ya yi abin da ya fi haka, ban yarda ba, ina raye ko ina kabari.

Ni na kai shi can da kaina shekara shida da suka wuce, ina ganin gata na yi masa. Wata goma sha ɗaya ya yi da ƙarfe a ƙafa. Aka dawo mini da shi da gyambo a idon sawu, ba ya magana, ba ya ɗaga ido ya kalli mutum. Mu kuma a gida muka ware masa kwano da kofi, ana tura masa abinci daga bakin ƙofa. Mahaifiyarku ba ta raye, balle ta hana.

Kun san ɗan farina ne. Yadda na taras manya suna yi haka na yi: ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ana yaba mini kunya, ni kuma ina hura hanci. Shekara talatin da biyu muka yi a haka.

Nneka ce ta buɗe mini ido, matar marigayi Ambrose mai gyara mana janareta, nas ce da ta yi ritaya. Kullum da safe takan hawo adaidaita sahu daga Sabon Gari ta wanke gyambon. Wata biyu ciwo bai kame ba, don yaron ba ya cin abinci. Rannan ta tsare ni a zaure ta tambaye ni sunan ɗana. Na ce ta tambayi Zulfa. Ta ce ta san sunan sarai, a bakina take so ta ji shi. Ta ce auduga da magani aikinta ne, amma jikin da ba ya ci ba ya haɗa nama, kuma mutumin da ake tura wa kwano daga nesa ba zai ci ba. Na ji haushi ƙwarai. Kwana uku ban amsa gaisuwarta ba.

Rana ta huɗu bayan azahar na ɗauki kwanona na shiga ɗakinsa. Na zauna a tabarma na kira sunansa, harshena ya yi nauyi kamar na ɗan koyo. Bai ko kalli kwanon ba. Na ci abincina, na tashi. Haka na yi kwana tara, ni da taurin kaina da kuka sani. Rana ta goma burabusko aka yi, sai na ga hannunsa ya shigo kwanon. Loma uku ya yi. Na fita na laɓe a bayan randa na yi kuka, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Kafin wata biyu gyambon ya rufe, magana ta dawo, har ya fara yi mini gardamar ƙwallo.

Na uku. Cin abincin ranan nan kada ya yanke. Bahauddeen, kai za ka gaje ni. Da azahar ka rufe shago ka zo gida, Kwari ba za ta tashi don ka ɓace na awa ɗaya ba. Kwano ɗaya za ku ci, kuma ba lokacin wa'azi ba ne. Zulfa, ranar ganin likitansa taki ce, ki raka shi, ki tabbata yana shan maganinsa. Ban ce kwano ya maye gurbin asibiti ba. Na ga dai maganin bai fara aiki ba sai da aka zauna kusa da shi.

Na huɗu. Dilar shaddar da Abdulƙahhar ya fitar daga shago a shekarun can tawa ce, kuma na yafe duniya da lahira. Bahauddeen, na san kai ka sha kunyar a gaban 'yan kasuwa, ban raina ɓacin ranka ba. Amma ina ganin yadda kake dafe aljihun makulli duk sanda ya shigo shago, shi ma yana gani. Ka daina.

Na biyar. Turamen atamfar da ke cikin akwatin ƙarfe a ba Nneka, wasiyya ce, kada a sa su cikin gado. Za ta ƙi karɓa, ku ajiye mata ku tafi. Ku riƙa zuwa gaishe ta da Kirsimeti. Ranar da ta kwanta ciwo kuwa, Zulfa, ki je ki yi jinyarta kamar yadda za ki yi wa uwarki.

Na shida, naka ne Abdulƙahhar. Ina sonka, kuma na makara wajen faɗa. Ka yafe mini gidan da na kai ka. Na san mutuwata ce abin da kake tsoro, ni ma saboda kai nake tsoronta. In ka zame, kada ka ɓuya a tasha ko a kangon wani. Ka dawo gida a yadda kake, ka faɗa wa ƙannenka.

Kuma kai za ka yi mini wanka. Za a sami masu cewa hannunka yana rawa, ko su kawo tsohon zance. Na riga na gaya wa limaminmu, zai tsaya ya nuna maka, Bahauddeen ya zuba maka ruwa. Na yarda da hannunka a kan gawata, ba ni da abin da ya fi wannan da zan bar maka.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku, ya haɗa kanku bayan ba ni. Ku uku ne, ku zauna ku uku. Ranar da aka dawo daga maƙabarta gida zai cika da masu gaisuwa, kowa hankalinsa zai tafi kan baƙi. Ɗaya daga cikinku ya bar baƙin ya nemi yayanku, kada ya shiga ɗaki shi kaɗai.

Mahaifinku,
Gana Modu, Fagge.